DARASI: HAƘƘIN IYAYE IDAN AN JI WA ƊANSU RAUNI A MAKARANTA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Ya ku ɗalibai, idan kun koma gida da wannan mujalla, ku karanta wa Baba da Inna wannan darasi bayan sallar Isha'i, domin rabin maganar da ke ciki tasu ce. Wanda ya fi sabawa da ajami, ya juya ɗaya ɓangaren mujallar zai same shi.

GABATARWA

Mu ƙaddara ga wani yaro ɗan shekara 9 a Tondi, ko a Libata, ko a Dugu Tsoho. Ya dawo daga makaranta leɓensa a kumbure, haƙorinsa na gaba ya karye. Aka tambaye shi, ya ce faɗuwa ya yi. Sai da dare ya yi sannan ya gaya wa innarsa gaskiya: wani babban yaro ne da ya saba ƙwace masa kuɗin tara, yau ya hana shi, shi kuwa ya tura shi ya bugu da dakali.

To, ya kai mahaifi, me za ka yi?

A garuruwanmu an fi ganin ɗayan biyu. Wani ya ce, "Ai yara ne, a bar wa Allah," ya shafa wa yaro man zafi, magana ta mutu. Wani kuma ransa ya ɓaci, yayyen yaro su ɗauki gora su tare wancan a hanya, rigimar yara ta koma ta gidaje, har ta kai ga gaba ta shekara da shekaru. Duka biyun nan an yi kuskure. Akwai hanya ta uku wadda Shari'a ta shimfiɗa, dokar ƙasa kuma ta yarda da ita. Tushenta shi ne wannan: haƙƙin raunin na yaro ne, iyaye kuwa wakilansa ne da aka ba amanar nema masa.

MENE NE CIN ZALI?

Cin zali shi ne mai ƙarfi ya riƙa cutar da wanda bai kai shi ƙarfi ba, da gangan, yau da gobe. Ƙarfin nan yana iya zama na jiki, ko na shekaru, ko na muƙami kamar monita da firifet, ko na yawan abokai. Ya bambanta da faɗan sa'a da sa'a, wanda akan raba a wuce. Daga cikinsa akwai duka, da ƙwace abinci ko kuɗi, da sa ƙanana wanki da ɗiban ruwa dole, da laƙabin banza, da yi wa yaro gori saboda ƙabilarsa ko harshensa ko sana'ar ubansa. Nan ƙasar Yauri ga Bahaushe, ga Bagunge, ga Bakambare, ga Bafillace, ga ɗan Sarkawa, duk a aji ɗaya suke zama. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, ballantana a kai ga zubar da jini.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2019 cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda. A watan Yuli na 2025, a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi a Jihar Kano, ɗalibai biyu suka rasu bayan dukan da 'yan'uwansu ɗalibai suka yi musu. 'Yan sanda suka kama ɗalibai 11, gwamnatin jihar kuma ta ba da umarnin bincike. A watan Afrilu na 2024, a wata makarantar kuɗi a Abuja, aka ga bidiyon wata ɗaliba ana ta marinta, aka rufe makarantar kwana uku, danginta kuma suka kai ƙara kotu suna neman diyyar Naira miliyan 500. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu kuma muna da wani haɗari na daban. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya malale ya zama tafki, yaranmu da yawa a bakin ruwa suke, wasu ma sai sun shiga kwalekwale kafin su iso makaranta. Turin da zai zama ƙujewar gwiwa a kan tudu, a cikin jirgi yana iya zama ajali.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Imamul Buhari ya ruwaito labarin Rubayyi'u 'yar Nadru, goggon Anas ɗan Malik. Ta karya haƙorin wata yarinya. Danginta suka roƙi a yafe, mutanen yarinyar suka ƙi. Suka yi tayin diyya, nan ma suka ƙi. Aka je gaban Manzon Allah (SAW), ya yi hukuncin ƙisasi. Ɗan'uwanta Anas ɗan Nadru ya rantse ba za a karya mata haƙori ba, Manzon Allah (SAW) ya tuna masa cewa ƙisasi shi ne hukuncin da ke cikin Littafin Allah. Daga baya mutanen yarinyar suka sauko don kansu, suka bar ƙisasi, suka karɓi diyya.

Ku lura da abubuwa uku a nan. Na ɗaya, dangin yarinyar sun kai ƙara a kan haƙori guda, ba a kuwa zarge su da rashin haƙuri ba. Na biyu, ba su rama da hannunsu ba, gaban shugaba suka je. Na uku, sassauci ya zo ne bayan an tabbatar musu da haƙƙinsu, kuma da yardarsu. Aya ta 45 a Suratul Ma'ida ita ce ta ambaci ƙisasi a ido da hanci da kunne da haƙori da sauran raunuka, ita ce kuma ta kwaɗaitar da yafewa.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi dalla-dalla. Za ku same shi a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a cikin wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, da kuma babin hukunce-hukuncen jini a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda 'yan manyan azuzuwa ke karantawa. Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce, ko dinarin zinari 1,000, ko dirhamin azurfa 12,000. Daga cikinta ake lissafa sauran kamar haka:

1. Haƙori ɗaya: raƙumi 5, watau dinari 50.
2. Yatsa ɗaya na hannu ko na ƙafa: raƙumi 10, watau dinari 100.
3. Ido ɗaya, ko hannu ɗaya, ko ƙafa ɗaya: rabin diyya, dinari 500.
4. Gushewar ji gaba ɗaya, ko gushewar hankali: cikakkiyar diyya.
5. Muliha, raunin kai ko fuska da ya bayyanar da ƙashi: raƙumi 5.
6. Munaƙƙila, raunin kai da ya fasa ƙashi har ɓaɓɓakinsa suka gusa: raƙumi 15.
7. Ma'amuma, wadda ta kai ga ƙwaƙwalwa, da ja'ifa, wadda ta huda cikin mutum: kashi ɗaya cikin uku na diyya.

Dinari ɗaya nauyinsa giram 4.25 ne na zinari. Ke nan diyyar haƙori guda ta kai giram 212.5 na zinari. Ku je ku tambayi farashin giram a kasuwa, sannan za ku gane girman darajar da Musulunci ya ba jikin ɗan Adam. A mazhabarmu, yarinya da yaro daidai suke a diyyar haƙori da ta yatsa da duk raunin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Akwai ƙa'idoji da ya kamata a sani game da wannan lissafi. Ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, don a ga inda ya tsaya. Idan haƙorin ƙuruciya ne wanda yaro bai famfare ba, ana jira a gani ko zai sake tsirowa. Raunin da ba shi da adadi yankakke, kamar karayar hannu, idan ya warke ya bar naƙasa, alƙali ne zai ƙiyasta abin da za a biya. Wasu malaman kuma sun ga a ɗora wa wanda ya yi raunin kuɗin magani da ladan mai magani.

To idan wanda ya yi raunin shi ma yaro ne fa? Nan ne fiƙihu ya yi mana gata. Gangancin yaron da bai balaga ba hukuncinsa hukuncin kuskure ne: ba a yi masa ƙisasi, amma diyya ba ta faɗuwa. Idan ta kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye, aƙilarsa ce za ta biya, watau danginsa maza na wajen uba, su haɗa hannu. Idan ba ta kai ba, a dukiyar yaron take, in ba shi da komai ta zama bashi a kansa. Ban da wannan ana ladabtar da shi gwargwadon hankalinsa. Wanda kuwa alamun balaga suka bayyana gare shi, kamar manyan 'yan sakandare, a fiƙihu ya fita daga sahun yara. Sai dai ko a kansa, alƙali kaɗai ke da ikon zartar da hukunci. Uba ko wa ba shi da wannan iko.

Ga kuma wata mas'ala da mutane da yawa ba su sani ba. Diyyar raunin dukiyar yaron ce. Malaman Malikiyya sun ce waliyyin ƙaramin yaro yana duba abin da ya fi zama maslaha ga yaron ne, ba shi da ikon watsar da ita kyauta don kunya ko don neman yabo, sai dai ya sassauta idan wanda zai biya yana cikin ƙunci. Mutum yana da ikon yafe nasa haƙƙi yadda ya so. Na ɗansa kuwa amana ne a hannunsa.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA CE

Sashe na 34 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a kiyaye mutuncinsa, ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Yaro ma mutum ne. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003, a sashe na 11, ta hana a ji wa yaro rauni a jiki ko a zuciya, ko a ci zalinsa, ko a yi sakaci da shi. A Jihar Kebbi, Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin yara ta jiha a shekarar 2022, tare da dokar hana cin zarafin mutane.

Dokar Final Kot, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta raba rauni gida biyu: ƙarami da babba. Daga cikin babban rauni akwai karaya ko gocewar ƙashi, da karya haƙori, da rasa gani ko ji, da ɓata kamannin fuska har abada, da duk raunin da ya jefa rai cikin haɗari ko ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. Ka ga ke nan haƙorin yaron da muka yi misali da shi, a idon doka, babban rauni ne. Dokar ta kuma ba kotu ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta.

Game da shekaru, Final Kot ta ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba a kama shi da laifi. Daga 7 zuwa ƙasa da 12, sai in an tabbatar hankalinsa ya kai ya san abin da yake yi da abin da zai haifar. Dokar 2003 kuma ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro: shari'arsa daban ce da ta manya, ana ɓoye sunansa, gyara tarbiyyarsa ake nufi, kuma kotu tana iya umartar iyayensa su biya diyya a madadinsa.

Yaro ba ya shigar da ƙara da kansa. Mahaifinsa ko waliyyinsa ne ke tsaya masa. Tun shekarar 2000 Jihar Kebbi take da kotunan Shari'a masu hukunci tsakanin Musulmi. Idan ɗaya ɓangaren ba Musulmi ba ne, ga kotun majistare, ga kuma Babbar Kotun Jiha.

ALHAKIN MAKARANTA

Daga lokacin da ka miƙa ɗanka ga makaranta, ya zama amana a hannunta. Ƙa'idar fiƙihu ita ce, wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Dokar da muka gada daga Ingila ita ma kusan haka ta ce. Tun a 1893 wata kotu a can ta yanke cewa wajibi ne malami ya kula da ɗalibansa irin kulawar da uba mai lura ke yi wa 'ya'yansa, kuma ana amfani da wannan ma'auni har yau.

Saboda haka ba kowane rauni ne laifin makaranta ba. Yara biyu suna guje-guje suka yi karo, wannan tsautsayi ne. Amma idan an sha kai kukan wani yaro ba a yi komai ba, ko an bar aji ba malami tsawon lokaci, ko an damƙa wa monita bulala an ce ya ji da ƙanana, ko yaro ya ji rauni aka ɓoye wa iyayensa aka ƙi kai shi asibiti, to nan akwai sakaci, kuma ana iya neman makaranta ta biya. Wannan ya shafi ta gwamnati da ta kuɗi da Islamiyya irin tamu, ba a ware kowa ba. Gwamnatin Tarayya ma ta fitar da manufar tsaron makarantu da raba su da tashin hankali a 2021, wadda ta ɗora wa shugabannin makarantu nauyin kare ɗalibai.

Don haka, ya kai mahaifi, kana da haƙƙin a sanar da kai nan take, a gaya maka gaskiyar abin da ya faru, a yi bincike a ba ka sakamako, a kuma ɗauki matakin da ɗanka zai koma aji ba tare da tsoro ba.

MATAKAN DA ZA A BI

Na farko, asibiti kafin komai. A kai shi asibitin da ya fi kusa, ko Babban Asibitin Yauri, ko na Wara. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Birnin Kebbi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa ko da wane dalili. Idan a kai aka buge shi, ku lura da amai, da barci mai nauyi, da suma, da jini ko ruwa daga kunne ko hanci. Ko ɗaya aka gani kada a kwana a gida. Yaron da ya nutse aka ciro shi, in yana tari ko numfashi da ƙyar, shi ma asibiti. Idan haƙorin girma ne ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a goge saiwar, a sa shi cikin madara a garzaya wurin likitan haƙori cikin awa guda, domin akan iya mayar da shi. Karaya kuwa, a ɗauki hoton ƙashi kafin a je wurin mai ɗori.

Akwai abin lura a shari'ar wani yaro na makarantar Dowen a Legas, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2021. Iyayensa sun ce manyan ɗalibai ne suka doke shi. Bayan dogon bincike, a watan Afrilu na 2024 kotun binciken musabbabin mutuwa ta ce ba a tabbatar da hakan ba, ta ce cuta ce ta shiga jininsa, kuma an yi jinkirin kai shi asibitin da ya dace. Allah Ya ba iyayensa haƙuri. Abin da za mu ɗauka shi ne, saurin zuwa asibiti yana ceton rai, kuma rubutun likita na ranar farko shi ne shaidar da ta fi ƙarfi.

Na biyu, a adana shaida. A karɓi takardar likita, a ajiye kati da rasidan magani da na mota ko jirgi. A ɗauki hoton raunin da waya. Rigar da ta yage ko ta ɓaci da jini, kada a wanke ta.

Na uku, a saurari yaro cikin natsuwa. Kada a ce masa, "Kai rago ne, me ya sa ba ka rama ba?" Wannan magana ita ke sa yara yin shiru. A rubuta rana da lokaci da wuri, da waɗanda suka gani, da ko an taɓa yi masa a baya.

Na huɗu, a je wurin shugaban makaranta da takarda rubutacciya, da boko ko da ajami, kwafi biyu. Ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya, ka riƙe. A je da mutum ɗaya mai hankali, a yi sallama, a yi magana da ladabi. Malamin ɗanka ba abokin gabarka ba ne.

Na biyar, in ba a ga mataki ba, a kai ga Ƙungiyar Iyaye da Malamai ko kwamitin al'umma mai kula da makarantar. Daga nan sai Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, a Yelwa ko Wara ko Shanga, idan firamare ce. Idan sakandare ce, Ma'aikatar Ilimi ta Jiha. Islamiyya kuwa tana da kwamitinta da iyayen ƙungiyar da ta kafa ta.

Na shida, idan babban rauni ne, ko an yi amfani da makami, ko an tura yaro ruwa, ko an taɓa mutuncinsa ta hanyar lalata, a sanar da 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Irin wannan ba a rufe shi a zaure.

Na bakwai, kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995. Dukansu suna da ofis a Birnin Kebbi. A kula da lokaci: akwai dokar da ta taƙaita wa'adin kai ƙarar ma'aikacin gwamnati a kan aikinsa zuwa wata uku. Idan makarantar gwamnati ce, a nemi shawarar lauya da wuri.

Abu ɗaya da za a guje wa: watsa hoton yaro ko sunan wanda ake zargi a Facebook da WhatsApp. Yana tozarta yaran biyu, yana ɓata shari'a, yana kuma iya jawo maka ƙarar ɓata suna.

SULHU DA YAFIYA

Kada a fahimci darasin nan a ce muna tura mutane kotu. Mafi yawan irin waɗannan matsaloli a zauren mai unguwa, ko gaban liman, ko hakimi, ko uban ƙasa ya kamata su ƙare, musamman da yake gobe a masallaci ɗaya za a yi sahu, a kasuwa ɗaya za a sayar da kifi da albasa. Amma sulhu na gaskiya yana da sharuɗɗa. A faɗi gaskiyar abin da ya faru. Wanda ya yi laifi ya amsa, ya ba da haƙuri a gaban yaron. A biya kuɗin magani har ya warke. Idan akwai naƙasa, a tambayi malami masanin fiƙihu ko alƙali abin da ya wajaba, sannan a yi maganar sassauci. A rubuta abin da aka daidaita a kai, shaidu su sa hannu. Abin da aka karɓa kuma a ajiye wa yaron, ko a saya masa tunkiya ko saniya da sunansa, ko a yi masa hidimar karatu da shi.

Sulhun da aka tilasta wa talaka don ɗaya yaron ɗan babban gida ne, wannan danniya ce aka sa mata rigar sulhu. Malaman tarihi suna ba da labarin ɗan gwamnan Masar, Amru ɗan Asi, da ya doki wani Bamisire don ya tsere masa a sukuwa. Mutumin ya tafi har Madina, Halifa Umaru (RA) ya kira uba da ɗa, ya miƙa wa wanda aka zalunta bulala.

GA IYAYEN WANDA YA YI RAUNIN

Ku ma kuna da haƙƙi. Ba a hukunta ɗanku sai an ji ta bakinsa. Ba a dukansa don ramuwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, saboda haka ba a tsare uba don laifin ɗa. Amma kada son ɗa ya rufe muku ido ku ce, "Ɗana ba zai yi haka ba." Ku riga kowa zuwa dubiya, ku ɗauki nauyin magani tun ba a tambaya ba. Sau da yawa wannan kaɗai yana kashe wutar. Sannan ku bincika me ke damun yaronku, domin mai cin zali a makaranta wani lokaci shi ma ana cin zalinsa a wani wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

GA KU ƊALIBAI

Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, idan ana cin zalinka ko ana cin zalinki, faɗa wa Malam ko Malama, ko Baba, ko Inna, ko Yaya. Wannan ba tsegumi ba ne. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Idan ka ga ana yi wa wani, kada ka tsaya kallo kana dariya, ruga ka kira babba. In aka tambaye ka shaida, faɗi abin da idonka ya gani, kada ka ƙara, kada ka rage, domin aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida. Kai kuma babba, da aka ba ka monita, an ba ka ne ka tsare ƙanana. A cikin jirgi kuwa babu wasan turi ko kaɗan.

KAMMALAWA

Ya ku iyaye, Allah zai tambaye mu game da 'ya'yan nan. Idan an ji wa ɗanka rauni, ka yi masa magani, ka riƙe shaida, ka bi matakai ɗaya bayan ɗaya, ka karɓi sulhu idan na adalci ne, ka je gaban alƙali idan an ƙi gaskiya. Yaron da ya ga mahaifinsa ya tsaya masa ba tare da zagi ko gora ba, ya koyi yadda Musulmi ke neman haƙƙinsa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare su a tudu da ruwa, Ya ba malamanmu ikon riƙon amana. Amin.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin cin zali da faɗan sa'a da sa'a?
2. Kawo darussa uku daga labarin Rubayyi'u 'yar Nadru.
3. Dinari nawa ne diyyar haƙori biyu da yatsa ɗaya?
4. Su wane ne aƙila, kuma yaushe suke biyan diyya?
5. Me ya sa uba ba shi da ikon watsar da diyyar ƙaramin ɗansa kyauta?
6. Lissafa matakai bakwai da iyaye za su bi, sannan ka karanta wa mahaifinka ya sa hannu a littafinka.

Wassalamu alaikum warahmatullah.